Jirgin da ya ƙi mutuwa: asalin kasuwar jiragen ruwa na hannu a Amurka

A Amurka, inda jiragen ruwa na shaƙatawa masu rajista suka kusa miliyan 12, yawancin cinikin jirgi ba a kantin sababbi ake ƙulla shi ba. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera jiragen ƙasar, NMMA, sun sha nuna cewa jiragen hannu kusan miliyan ɗaya ne ke sauya mai su a kowace shekara, alhali sababbi masu inji, ko a shekarar da kasuwa ta buɗe irin 2020, da kaɗan suka haura dubu 300. Ke nan magidancin da ke son ya riƙa fita tafki da matarsa da 'ya'yansa ranar Asabar, a jirgi mai tsawon ƙafa 18 ko 20, ya fi yiwuwa ya tsinci kansa a ƙofar gidan mutumin da bai taɓa gani ba, yana zagaya jirgin da ke ɗore a kan tirela, yana ƙwanƙwasa bayansa da 'yar guduma yana kasa kunne, kamar mai zaɓen tukunyar ƙasa a kasuwa. Wannan ƙwanƙwasa tana da tarihi, kuma tarihin nata gajere ne, bai kai shekara tamanin ba. A ganina kasuwar nan 'yar faiba ce, wato zaren gilashin da ya maye gurbin katako a jikin jirgi. Tun ranar da aka daina ƙera gangar jikin jirgi da katako, sassan jirgi ɗaya suka daina tsufa tare: fata ta ƙi tsufa, abin da ke ƙarƙashinta kuwa yana ruɓewa yadda ya saba. Daga wannan saɓani ne yawan jiragen hannu ya fito, kuma daga shi ne duk dabarun mai saye da duk fargabarsa suka samo asali.

Kafin faiba, jirgin iyali na katako ne, kuma na masu hannu da shuni. Christopher Columbus Smith, mutumin Algonac a jihar Michigan, ya ƙera jirginsa na farko a 1874 yana ɗan shekara 13, ya yi suna da jiragen tsere, sannan a 1922 ya kafa kamfani shi da 'ya'yansa, wanda duniya ta sani da Chris-Craft. Sun kwaikwayi masu ƙera motoci na Detroit da ke kusa da su, suna fitar da jirage iri ɗaya a jere da katakon da 'yan kasuwa ke kira mahoganin Filifin, har suna sayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Duk da haka ƙaramin jirginsu na ƙarshen shekarun 1920 ya haura dala 2,000, a zamanin da motar Ford Model T ba ta kai dala 400 ba. Kuɗin saye ma shi ne mai sauƙi. Katako yana so a goge shi a shafa masa vanish kowace shekara. Idan aka fitar da jirgi daga ruwa lokacin sanyi, allunansa su bushe su tsuke, haɗe-haɗensu su buɗe baki, sai an jiƙa shi na kwanaki ya kumbura kafin ya daina yoyo. Wanda ya yi sakaci na shekara biyu ko uku zai tarar da ƙasan jirginsa ya fara zama gari. Sai dai katako ba ya ɓoye cutarsa. Mai saye zai tsira tsinin wuƙa a allo, in ta nutse ya san abin da ake ciki. Hancinsa ma zai gaya masa, domin ruɓaɓɓen katako yana da warinsa. Jiki da inji suna tsufa kusan tare, su mutu kusan tare, a farfasa jikin a hura wuta. Ana sayar da jiragen hannu a lokacin, amma ba sa taruwa, domin ruɓa tana share kasuwar da kanta.

Wanda ya raba jirgi gida biyu shi ne Ole Evinrude, ɗan asalin Norway da ya zauna a Milwaukee. Ba shi ne farkon wanda ya rataya inji a bayan kwale-kwale ba, Cameron Waterman na Detroit ya riga shi, amma injin Evinrude, wanda ya fara sayarwa a 1909, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi da nauyin kusan kilo 28, shi ne ya karɓu. 'Yan'uwan Johnson suka biyo baya a 1922, Carl Kiekhaefer ya kafa Mercury a 1939. Muhimmancin injin ratayawa ga batunmu shi ne ya mayar da jirgi kaya biyu masu shekarun haihuwa dabam-dabam, ana iya sayar da wannan a riƙe wancan. Wanda ya san bakin ruwan Yauri ko tafkin Kainji ya san wannan rabuwar sarai: jirgin katako ne na gida, injin Yamaha ne dukiyar, shi ake kwancewa a kai gida, shi ake yi wa addu'ar tsawon rai, jikin kuwa a sake wani in ya gaji. Abin da faiba ta yi a Amurka shi ne ta juya wannan lissafin, jiki ya zama mai dogon kwana, inji ya zama mai wucewa.

Ita faiba zaren gilashi ce da ake jiƙawa da ƙaron roba, a shimfiɗa falle-falle a cikin mazubi, ta daskare ta ɗauki siffarsa. Ray Greene na Toledo a jihar Ohio ya gwada ta a ƙaramin jirgi a 1942, Bill Tritt ya fara a Kalifoniya a 1947 ya kafa Glasspar, sannan cikin 'yan shekaru kamfanoni suka ɓarke kamar ciyawar farkon damina: Glastron a Texas a 1956, Boston Whaler a 1958, Sea Ray a 1959. Mazubi ɗaya zai fitar da ɗaruruwan jirage, kuma ba ya buƙatar kafintan da ya shekara goma yana koyon lanƙwasa allo. Masu tallar sabon abu sun san abin da ke damun jama'a. A 1961 mujallar Life ta buga hoton Dick Fisher, mai kamfanin Boston Whaler, yana zaune cikin jirginsa ana yanka shi biyu da zarto, sannan ya tuƙa rabin da ke da inji ya tafi abinsa. Chris-Craft ya daɗe yana jan ƙafa, amma shi ma ya bi sahu, ya ƙera jirginsa na katako na ƙarshe a farkon shekarun 1970. Abin da babu wanda ya lissafa shi ne tsawon ran wannan abu. Maƙeran farko ba su san iyakar ƙarfinsa ba, don haka suka riƙa lafta shi da kauri fiye da ƙima, ga jiragen nan na shekarun 1960 da 1970 har yau suna yawo. Kowace shekara ana ƙara sababbi a kan tsofaffin da suka ƙi tafiya, har ya zama babban abokin gasar mai ƙera jirgi shi ne jirgin da shi da kansa ya sayar shekara ashirin da suka wuce.

Amma fa kiran jirgin nan na faiba rabin gaskiya ne, kuma a rabin da aka bari ne cinikin yake zama na biri a sama. Faiba tana da ƙarfi amma tana lanƙwasa, saboda haka har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce yawancin kamfanoni suna saka mata ƙashi na katako. Bangon baya, wanda ke ɗauke da nauyin inji da turinsa, falange ne aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Haƙarƙarin da ke miƙe a ƙasan jirgi daga gaba zuwa baya katako ne, daɓen da ake takawa shi ma haka. Kowane ƙusa da aka ɗaura ba tare da an toshe raminsa da kyau ba ƙofa ce ta ruwa, ruwan kuwa in ya shiga ba shi da hanyar fita, sai ya zauna shekara da shekaru yana cin katakon a cikin duhu. Tun shekarun 1970 doka ta tilasta a cusa wa ƙananan jirage soso a ƙarƙashin daɓe don kada su nutse, wanda ya ceci rayuka, amma tsohon soso kan sha ruwa ya riƙe, ya ƙara wa jirgi nauyi, ya jingina danshi da haƙarƙarin. A waje kuwa fatar tana nan, a goge ta da man ƙyalli ta dawo kamar amarya. Shi ya sa mai saye da ya san kan abin ba ya ɓata lokaci a kan ƙyalli. Yakan bi bangon baya taku-taku da guduma: inda katako ke da lafiya sautin yakan fito tas, a tsaye, inda ya ruɓe kuwa sai a ji dum, kamar an bugi katifa. Yakan ɗaga ƙafar inji ya danna ta da nauyin jikinsa, idonsa a kan bangon, ya ga ko zai motsa. Yakan duba ko akwai ruwa mai launin shayi da ke tsatsowa daga gindin ƙusoshi, ya taka kowane lungu na daɓe yana neman inda ƙafa za ta ji laushi. Gyaran bangon baya da haƙarƙari na nufin yanke cikin jirgin gaba ɗaya, kuma a ƙaramin tsohon jirgi kuɗin aikin kan wuce kuɗin jirgin kansa.

Inji ma yana da nasa ɓoyon. A 1959 kamfanin Volvo Penta ya fito da tsarin da Jim Wynne ya kai masa, inda injin ke zaune cikin jirgi, ƙafarsa mai farfela kuma tana waje, Mercury ya biyo da MerCruiser a 1961. Wannan tsari shi ya zama na jirgin iyali tsawon shekaru arba'in, domin ya ba da damar a ɗauko injin mota, galibi na General Motors, mai ƙarfi da araha. Farashin wannan araha shi ne babban rami a bangon baya, wanda abin da ke tsakaninsa da tafki wata roba ce mai naɗe-naɗe kamar zugazugin maƙera. In ta tsufa ta tsage, jirgi kan iya nutsewa a inda aka ɗaure shi. Irin wannan inji da ruwan tafki yake huce zafinsa, kuma a jihohin arewa, in mai shi ya manta bai tsiyaye ruwan ba kafin hunturu, dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya tsaga shi. Alamar da ake nema ita ce baƙin mai da ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara. Bakanikai kan ce injin fetur na jirgi yakan yi wajen awa 1,500 kafin ya nemi babban gyara, iyali kuwa da wuya su cika awa ɗari a shekara, don haka zama ne ke kashe yawancin injinan nan tun kafin aiki ya gajiyar da su. Sannan kamfani ma yana mutuwa ya bar marayu. Outboard Marine Corporation, wato OMC, uwar Evinrude da Johnson, ta karye a Disambar 2000. Kamfanin Bombardier ya sayi sunayen biyu, amma a 2020 aka daina ƙera Evinrude ɗungurungum. Wanda ya sayi jirgi mai tsohuwar ƙafar OMC yau zai sha yawon neman kayan gyara. Ko man da ake sha ya sauya a ƙarƙashin tsofaffin jirage: da aka fara gauraya fetur da itanol ko'ina a tsakiyar shekarun 2000, sai ya riƙa cin tsofaffin tiyo, ya narkar da tankunan mai na faiba da aka ƙera a zamanin da babu wanda ya yi tunaninsa.

Za a iya cewa na ɗora wa faiba kayan da ba nata ba. Ai bayan yaƙin duniya na biyu albashi ya tashi, hutun ƙarshen mako ya zauna, an riga an gina madatsun ruwa da suka haifi manyan tafkuna a inda da babu, irin Lake of the Ozarks a 1931 da Lake Mead a bayan madatsar Hoover da jerin tafkunan kwarin Tennessee, sannan dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta sa magidanci na iya jan jirginsa da mota ya kai shi duk inda ya so. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya bayyana dalilin da ya sa mutane suka so jirgi. Amma bai bayyana dalilin da ya sa jirgin da aka saya a 1975 yake nan ana cinikinsa ba. Shekarun 1920 ma sun ga tashin arziki da rububin jirage, amma ɗan abin da ya rage daga cikinsu yau kayan tarihi ne a hannun masu kuɗin da za su iya sake musu allo ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta tirelar da ake kafa hujja da ita shaida ce a wajena. Jirgin katako na gargajiya ba ya son zaman tudu, bushewa yake yi ya tsattsage. Jirgin faiba kuwa zai kwana goma sha uku a gefen gareji, ya yi wuni ɗaya a ruwa, kuma hakan ma ƙara masa kwana yake yi. Yawancin jiragen Amurka ba su kai ƙafa 26 ba, irin waɗanda mota ke ja ne, kuma wannan rayuwar sai da sabon jiki ta yiwu.

Wani kuma zai tuna mini da alminiyom, wanda shi ma ya shigo bayan yaƙi, Grumman a 1945, Alumacraft a 1946, da jirgi mai daɓe a kan ganguna biyu da Ambrose Weeres ya fito da shi a Minnesota a 1952. Na yarda, sai dai wannan ƙari ne a kan hujjar. Shi ma jiki ne da ya fi sauran sassansa tsawon rai, kuma shi ma an daɗe ana saka masa falange a bangon baya da daɓe. Bambancinsa kawai shi ne ya fi faɗin gaskiya: in ya bugu za a ga lotsawa, in ribit ya saki za a ga ɗigo.

Sukar da ta fi nauyi ita ce cewa babu wani abu na musamman a nan, haka cinikin motar hannu yake. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi rubutunsa da ya shahara a kan kasuwar motocin hannu, inda ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san aibin kayansa mai saye bai sani ba, farashi kan faɗi har masu kayan kirki su janye. Jirgi ya shiga wannan bayanin, babu shakka. Amma akwai bambanci biyu. Na farko, takarda. Mota tana da ma'aunin tafiya da dokar tarayya ta hana taɓawa tun 1972, tana da tarihin haɗurra da ake iya saye da lambarta. Jirgi kuwa sai a Nuwambar 1972, bayan dokar kare lafiyar jirage ta 1971, aka wajabta masa lambar shaida mai harafi da adadi 12 a kusurwar dama ta bangon baya, ukun farko na nuna kamfani, na ƙarshe na nuna shekara. Har yau akwai jihohin da ba sa ba wa ƙaramin jirgi takardar mallaka, agogon awannin inji kuwa, a tsofaffin jirage, ko dai babu shi ko ana iya sake shi cikin rabin sa'a. Da guguwar Sandy ta afka wa gabashin ƙasar a Oktoban 2012, ƙungiyar BoatUS ta ƙiyasta jiragen da suka lalace sun haura dubu 65, kuma babu abin da ya hana wanda ya kwana cikin ruwan gishiri a wanke shi a kai shi wata jiha mai nisa a sayar. Wannan giɓi ne ya raya sana'ar masu duba lafiyar jirgi, waɗanda ke zuwa da guduma da na'urar auna danshi, kuma bankuna da kamfanonin inshora ba sa sakin kuɗi a kan babban jirgi sai da rahotonsu. Sai dai a kan jirgin dala dubu biyar mutane da yawa kan ga ladan mai dubawa ya yi yawa, ga shi kuwa a nan ne ruɓar ta fi zama. Bambanci na biyu ya fi wannan zurfi. Kasuwar mota tana da ƙofar fita: in mota ta gaji 'yan gwangwan za su saye ta, domin ƙarfe kuɗi ne. Faiba ba ta narkewa a sake zuba ta, ba mai sayenta a kilo, sai ma mai ita ya biya a karɓa. Saboda haka jirgin da ya kamata a ce ya bar kasuwa ba ya barinta, gangarowa yake yi daga hannu zuwa hannu, kowane mai saye ya fi na baya ƙarancin kuɗi da ƙarancin sani.

A nan dole in sallama wa masu cewa ƙasan kasuwar nan tarko ne, duk da ban yarda cewa dukkanta haka take ba. A shekarun 1980 kamfanin Bayliner na Orin Edson ya riƙa sayar da jirgi da inji da tirela a farashi ɗaya mai sauƙi, ya shigo da dubban iyalai ruwa, har kamfanin Brunswick ya saye shi tare da Sea Ray a 1986. Bayan nan masana'antar ta sha duka biyu, harajin kayan alatu na kashi 10 cikin ɗari a kan jiragen da suka haura dala 100,000 daga 1991 zuwa 1993, da karayar tattalin arziki ta 2008 wadda ta kai Genmar, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin, ga fatara a 2009. Waɗanda suka tsira sun karkata ga jirage masu tsada, sun bar magidanci mai matsakaicin ƙarfi da abin da zamanin rububi ya bari. Jirgin da ya yi rayuwarsa a ruwan daɗi, a rufe, a hannun mai ajiye rasit, yana iya yi wa iyali na biyu da na uku hidima a kan kaso kaɗan na kuɗin sabo, kuma tun da kamfanoni da yawa suka daina saka katako a ciki daga wajejen 2000, jiragen da ke shigowa kasuwar hannu yanzu sun fi na da amana. Amma tarin na da yana nan, kuma a ƙasansa akwai jiragen da ake tallar su kyauta, domin tirelar da ke ƙarƙashinsu ta fi su daraja. Faransa ta kafa tsari a 2019, ƙarƙashin ƙungiyar APER, inda ake farfasa tsofaffin jirage da kuɗin da ake cirewa tun wajen sayar da sababbi, jihar Rhode Island kuma ta gwada niƙa su a kai masana'antar siminti. A mafi yawan Amurka babu ko ɗaya daga cikin biyun. Shi ya sa bayan karayar 2008 hukumomin gaɓar teku a Florida da South Carolina suka riƙa tsintar jirage yashe a fadamu da bakin koguna, jikinsu garau, an kwance inji, an kuma bi lambobin da za su kai ga mai su an kankare da magagari.